Haɗa Lasifika da Kayan Sauti a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu son haɗa kayan sauti da hannunsu, daga wanda bai taɓa riƙe ayan da dalma ba har wanda ya riga ya ƙona amfilifaya yana neman dalili. Maganar falo da ɗakin kwana ake yi, ba kayan biki ko na filin taro ba.

Haɗawa da kai ta fi sayen haɗaɗɗe araha?

In ƙaramar lasifikar Bluetooth kake so, irin wadda ake ratayawa a kafaɗa, je kasuwa ka saya. Masana'antun China suna buga su dubu-dubu, ba yadda za a yi ka kamo farashinsu. Ribar haɗawa tana fitowa ne a manyan akwatuna na falo. Kaso mai tsoka na kuɗin lasifikar kamfani yana tafiya ne a akwati, da dakon jirgin ruwa, da kwastan, da ribar dillalai daga Alaba ta Legas zuwa Sabon Gari. Kai kuwa katako yana nan a 'Yan Katako, kafinta yana bakin layinku. Kuɗin da ka tsira da shi sai ka zuba a kan lasifika mai kyau, wato abin nan mai maganaɗisu da takarda da ake ɗaurawa a fuskar akwati. Sannan abin da ka haɗa da hannunka, ran da ya lalace ka san inda za ka buɗe.

Me da me zan tanada?

Inda sauti zai fito, ko waya ko talabijin ko kwamfuta. Sai amfilifaya, wato injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Sai kawunan lasifika: ufa mai ba da kauri, da tiwita mai ba da siririn sauti. Sai akwati, da ɗan allon da ke raba sauti tsakanin ufa da tiwita, da wayar haɗi. Kayan aiki kuma ayan na narka dalma, dalma, mita ta auna wuta, sukundireba, gam da sanfefa. Mita ita ce ba a sassauci a kanta, ko da mai arha ce.

Me ya sa sai an sa akwati? Ai ko a tsirara tana magana.

Tana magana, amma saurari kaurinta. A bayan takardar akwai naɗin siririyar waya, koyil, yana zaune a cikin ratar maganaɗisu. Wutar da amfilifaya ta turo tana sa koyil ɗin gaba da baya, ya ja takardar, takardar ta tunkuɗi iska. Wannan tsari Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da shi a 1925, kuma har yau kusan duk lasifikar da ke kasuwa a kansa take.

Matsalar ita ce duk lokacin da gaban takardar ya tura iska, bayanta yana zuƙe ta. Sauti mai kauri zangonsa dogo ne: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, tsawon zangonsa ya kusa mita 7. A wajen irin wannan zango, faɗin takardar inci 8 ba komai ba ne. Iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin baya, su kashe juna. Aikin akwati shi ne ya raba gaba da baya. Gwada da kanka: kunna ufa a hannu, sannan ka kifa bayanta a bakin bokiti, za ka ji kaurin ya taso nan take.

Wat nawa zan saya? Na ga wata an rubuta 5000W a kwali.

Wannan lambar ta kwali ce, ba ta lasifika ba. In ka ga an rubuta PMPO a gefenta, ka ɗauka ado ne, domin babu wata ƙa'idar awo da kowa ya amince da ita a bayanta. Lambar da ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da abin zai iya bayarwa ko ɗauka ba tsayawa. Hanya mafi sauƙi ta kama ƙarya: juya bayan injin ka karanta wutar da yake ci. Injin da ke cin wat 60 daga soket ba zai haifi wat 5000 ba.

Akwai abin da ya fi wat muhimmanci, masu shago kuma ba su cika faɗa ba: ƙarar da kan lasifika yake bayarwa idan an ba shi wat ɗaya tak, aka auna daga nisan mita ɗaya. Ana rubuta shi da dB. Na gida yawanci suna tsakanin 84 da 92. Duk ƙarin 3 dB daidai yake da ninka wat sau biyu. Ke nan mai 93 dB da wat 10 zai yi ƙara daidai da mai 87 dB da wat 40. Kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan 10 dB, wato an ninka wat sau goma. Shi ya sa mutum zai sayar da injinsa na wat 50 ya ciko kuɗi ya sayo na wat 100, ya dawo gida ya ji bambancin ɗan kaɗan ne, ya yi ta zargin mai shago. Mai shagon bai cuce shi ba a wannan karon, lissafin ne haka.

Ga falo na mita huɗu da biyar, wat 20 zuwa 50 na gaskiya a kowane gefe sun isa har su yi yawa. Sauraren labarai ko karatu da daddare ko wat ɗaya ba ya cinyewa.

Mene ne om, kuma lasifika nawa zan iya jona wa inji ɗaya?

Om shi ne ma'aunin yadda lasifika take tare wuta. Ƙaramar lamba tana nufin tana zuƙar wuta da yawa daga amfilifaya. Na gida galibi om 8 ne ko 6, na mota om 4. In ka ɗora mita a kan mai om 8 ka ga ta nuna 6 ko kusa da haka, lafiya lau take, haka suke nunawa.

In ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, om ɗin yana rabewa biyu: 8 da 8 su koma 4, 4 da 4 su koma 2. In ka jera su a layi, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, sai a tara: 8 da 8 su zama 16. Duba bayan injinka, an rubuta mafi ƙarancin om da yake ɗauka. Yawancin na gida ba sa jure ƙasa da 4. Mafi yawan amfilifayar da ke zuwa teburin masu gyara da ƙonannun taransisto, tarihinsu ɗaya ne: an yi ta ƙara lasifika a gefe ɗaya har om ya faɗo 2, inji ya yi zafi, ga zafin watan Afrilu, ga shi an cusa shi cikin kabad babu iska.

Wane girman akwati zan sa kafinta ya yi mini?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kasada. Abin da aka saba shi ne a kai wa kafinta ufa, ya ɗora ta a kan katako ya zagaye da fensir, ya yanka akwatin da ya yi wa ido kyau. Sautin da zai fito kuma sai abin da Allah ya yi. Alhali kowace ufa tana da girman akwatin da take so, kuma ana iya lissafa shi.

Wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya wallafa hanyar lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa ta a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sydney. Daga aikinsu ne kamfanonin kirki suke rubuta wasu lambobi a takardar kowace ufa. Uku ne za su dame ka. Fs shi ne kaɗawar da takardar take yi da sauƙi don kanta, kuma kusan shi ne iyakar zurfin kaurinta. Vas, da lita ake auna shi, yana nuna laushi ko taurin takardar wajen motsi: babbar lamba, babban akwati. Qts kuma yana nuna yadda maganaɗisu yake riƙe takardar. Ƙa'idar da masu haɗawa suke bi: Qts ƙasa da 0.4 ya fi dacewa da akwati mai bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 rufaffen akwati, sama da haka kuwa ko wane ƙaramin akwati ka sa ta sai ta yi gunji. Ka zuba lambobin uku a manhajar WinISD, kyauta ce a kwamfuta, za ta zana maka yadda kaurin zai kasance a lita 20 ko 30 ko 50 tun kafin a sa zarto a katako.

Lissafin lita kuwa na firamare ne. Auna cikin akwatin, ba bayansa ba, da santimita: tsawo sau faɗi sau zurfi, ka raba da 1000. Mai 40 da 25 da 30 lita 30 ke nan. Ka rage lita ɗaya ko biyu saboda wurin da maganaɗisu da tokare suka cinye. Kada ɓangarorin uku su zo daidai da juna, domin sautin da ke kai da kawo a ciki zai taru a wuri ɗaya ya yi kuwwa.

Ufar da na saya babu takarda, babu suna. Yaya zan yi?

Haka yawancin na kasuwa suke. Fs dai kana iya gano shi a gida. Sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya tsantsa a waya, ka jona ta da amfilifaya, ka sa resisto, ɗan abin nan mai tare wuta, mai kamar om 100 a layi tsakanin inji da ufar, ka ɗora mita a kan ƙafafun ufar tana auna wutar AC. Riƙe ufar a sarari, ka riƙa hawa daga 20 Hz a hankali. Inda mita ta kai ƙololuwa ta fara saukowa, nan ne Fs. In ka samu 45, ufa ce ta gaske. In ka samu 90 a mai inci 8, kada ka wahalar da kanka neman zurfi a wurinta.

Sauran lambobin suna buƙatar ƙarin awo. In ba za ka yi ba, ka yi rufaffen akwati mai ɗan yalwa, domin shi ne mai yafe kuskure. Inci 6 da rabi ka ba ta lita 12 zuwa 18, inci 8 lita 25 zuwa 35. In ka ji ya yi yawa, ka jefa guntayen katako a ciki su rage wuri, ka sake saurare. Rage babban akwati abu ne mai sauƙi, ƙara ƙarami kuwa sai sabon katako.

Rufaffe ko mai rami, wanne ya fi?

Rufaffe iskar da ke kulle a ciki ce take riƙe takardar. Edgar Villchur ne ya shahara da shi a Amurka a 1954, lokacin da ya nuna cewa ƙaramin akwati ma zai iya ba da kauri mai zurfi. Sautinsa tsaf, bugun ganga yana tsayawa inda ya kamata, sai dai yana cin wat.

Mai bututu ya girme shi, tun farkon shekarun 1930 Albert Thuras na Bell Labs ya yi masa rajista. Aikinsa irin na kwalba ne idan ka hura bakinta: iskar wuya da iskar ciki suna da sauti ɗaya da suke amsawa. A akwati, bututun shi ne wuyan. In an daidaita shi, yana ƙara kauri a daidai inda ufar ta fara gazawa. Misali, akwatin lita 30 da bututun roba na famfo mai faɗin santimita 5 a ciki, tsawon santimita 6, zai amsa a wajen 45 Hz. Ƙara tsawon bututu, sautin ya sauka. Gajarta shi, ya hau. Ramin da aka huda kawai a fuskar katako babu bututu yakan amsa can sama, shi ne wannan bum-bum ɗin da ke cika ɗaki, kowace waƙa ta fito da kauri iri ɗaya. Wasu suna son sa, ni dai ba na kiran sa kauri. Sannan a ƙasa da inda bututu yake amsawa, takardar ba ta da mai riƙe ta, tana iya fizga har koyil ya daki gindi.

Ga mai farawa, rufaffe.

Wane katako, kuma me zan gaya wa kafinta?

MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18 shi aka fi amfani da shi, saboda nauyinsa da rashin amsa kuwwa. Aibinsa ruwa: ya sha damina ɗaya a ƙasan siminti mai danshi, gindinsa ya kumbura ya fara marmashewa. In za ka yi da shi, shafe shi da fenti ciki da waje, har bakin yanka, ka sa masa ƙafafun roba. Filawud mai kyau, mai yawan falle babu rami a tsakiya, ya fi jure danshi da ɗauka da saukewa. Katakon silin da siririn filawud na bayan kabad kuwa kada ma a fara, su da kansu za su riƙa rera tasu waƙar.

Kafintocinmu sun iya aiki, sai dai sun saba da kabad, inda 'yar kafa ba ta da laifi. Ka gaya masa a fili cewa akwatin nan ko iska ba a so ta fita. Gam a kowace mahaɗa, a huda kafin a ɗaura sukuru don kada MDF ya tsage, a bi kusurwoyin ciki da gam a karo na biyu. A sa tokare tsakanin bango da bango a duk fuskar da ta wuce santimita 30. Ƙwanƙwasa da ɗan yatsa: in ka ji ƙwas a taƙaice, ya yi, in ka ji yana amsawa, a ƙara tokare. A cika wajen rabin cikin da audugar filo ta roba, sakwa-sakwa, ba a danna ba, kuma kada ta toshe bakin bututu. Wurin da ufa za ta zauna a zagaye shi da siririn soso.

Bayan an ɗaure komai, sa yatsu a kewayen tsakiyar takardar ka tura a hankali ka saki. A rufaffen akwati mai kyau za ka ji tana turjewa. In ta shige ba wata turjiya, akwai inda iska ke zurarewa. Abu biyu kuma: a sa takunkumi lokacin yankan MDF, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, kuma a nisanta ufa daga inda ake goga ƙarfe, domin maganaɗisu yana janyo garin ƙarfe cikin ratar koyil, in ya shiga kuma fitar da shi aiki ne.

Dole ne sai na sa allon raba sauti?

Tiwita dai dole a kare ta. Koyil ɗinta siriri ne ƙwarai, in kauri ya shige ta kai tsaye ba ta daɗewa. Mafi ƙarancin kariya shi ne kwandensa ɗaya a layin jan waya, 'yar abin nan mai tare kauri ta bar siririn sauti ya wuce, irin wadda ba ta da kai da gindi, wato ba ta da + da -. Ga tiwita mai om 8, kwandensa 4.7 µF tana fara buɗe mata hanya daga wajen 4200 Hz, mai 6.8 µF kuma daga wajen 3000 Hz. In om 4 ce, a ninka kwandensar. Ita ma ufa ana sa mata koyil a layi don ya tare mata siririn sauti: wajen 0.4 mH ga om 8 a 3000 Hz. Wannan shi ne mafi sauƙi, yana rage 6 dB ne kawai a duk ninki, saboda haka mai son ƙure ƙara gara ya nemi mai kwandensa da koyil a kowane ɓangare, mai rage 12 dB. In tiwita ta fi ufa ƙara, sauti ya yi tsini yana sukar kunne, sa mata resisto na om 2 zuwa 4 mai wat 10 a layi.

Kuskuren da ya fi yawa ba a allon yake ba, a zaɓen kawuna yake. Mutum zai haɗa ufa inci 15 da 'yar tiwita ya ce ya gama. Babbar takarda ba ta iya watsa sautin da ya haura wajen 1000 Hz yadda ya kamata, tiwita kuma ba ta fara ba sai 4000. Tsakanin nan kuwa a nan baƙaƙen magana suke. Sai ka ji ƙasa na girgiza, sama na tsiwa, amma mai karanta labarai kamar da tsumma a bakinsa. Ga falo, inci 6 da rabi ko 8 da tiwita inci ɗaya sun fi dacewa da juna nesa ba kusa ba. In ka nace sai babba, to ka ƙara ta tsakiya mai inci 4 ko 5, ka kuma killace ta a nata ɗan ɗakin a cikin akwatin.

Wace amfilifaya ta dace da halin wutarmu?

Ƙananan allunan nan da ake kira Class D sun sauƙaƙa wa mutane rayuwa. Wanda ya fi yawo shi ne mai ɗauke da TPA3116 na kamfanin Texas Instruments. Yana aiki da wutar batir kai tsaye, daga bolt 12 har 24, ba ya zafi sosai, kuma kusan duk wutar da ya ci yana miƙa ta ga lasifika. Mai sola zai iya jona shi da batir ba sai ta inbata ba, da fis a kan jan waya kusa da batirin.

Amma bolt ne ke yanke wat, ba abin da aka buga a talla ba. Lissafin iyakarsa: bolt sau bolt, a raba da ninkin om. Bolt 12 a kan om 4 wat 18 ne, a kan om 8 wat 9. Bolt 24 a kan om 4 ya kai wajen 70. Tsohuwar cajar laftof mai bolt 19, musamman mai wat 90, tana riƙe irin wannan allo da kyau, ta ba ka kusan wat 20 a kowane gefe a kan om 8.

Masu haɗa inji a gida kuma sun fi sabawa da taransisto 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba, da babbar taransifoma. In an samu na asali, an sa faffaɗan ƙarfen shan zafi, inji ne mai ƙarko. Sai dai jabunsu ya cika kasuwa, kuma irin wannan inji yana son kariya a bakin fita, domin ran da taransisto ta harbe wutar DC, irin ta batir, take turawa, ta gasa koyil ɗin ufa cikin daƙiƙu. Mai koyo kada ya fara da shi. Akwai wutar soket a ciki, kuma manyan kwandensoshinsa suna riƙe caji bayan an zare filogi.

Ina jin gurnani ko da babu abin da ke kunne. Daga ina?

Zare duk wayoyin da ke shiga injin, ka bar lasifika kawai. In gurnanin ya tafi, daga waje yake shigowa: mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifi. Sau da yawa wayar dish ce da ta bi ta dikoda, ko talabijin da inji suna kan soket daban-daban. Haɗa su a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta kada su kwanta tare. In waya ce a caji, zare cajar ka ji. In kuma gurnanin yana nan bayan ka zare komai, a cikin injin yake, galibi manyan kwandensoshi ne suka bushe. Wutarmu 50 Hz ce, shi ya sa gurnanin yake da wannan kaurin, ko ninkinsa 100.

Inbata mai arha da ƙaramin janareta suna sa taransifoma kuka, wannan ba laifin inji ba ne. Kada ka cire babbar ƙafar filogi, wadda ke kai wuta ƙasa, don maganin gurnani, ita ce tsakaninka da jan wuta. Kuma in an ɗauke wuta, kashe injin kafin a dawo da ita.

Na jona biyu, sai kaurin ya ragu maimakon ya ƙaru.

Ka juya wayar ɗaya. Ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja. Ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa ƙafafun ufar na ɗan lokaci: in takardar ta yo waje, ƙafar da ke taɓa kan batirin, wato ɓangaren +, ita ce ja. Yi wa duka biyun alama. Ban da tiwita a wannan gwaji.

A ina zan ajiye su a falo?

Wannan kyauta ne, kuma ya fi sauya inji tasiri. Lasifika biyu da kujerarka su yi kusurwa uku masu tsawo ɗaya, kamar mita biyu zuwa uku, tiwita daidai kunnenka in kana zaune, a ɗan karkato su su dube ka. Ɗora su can saman kabad kusa da silin asarar tiwita ce, domin siririn sauti miƙe yake tafiya. Jingina da bango yana ƙara kauri, lungu ya fi ƙarawa, amma kauri ne mai dagula magana. Janyo su kamar taku ɗaya ko biyu daga bango ka ji yadda murya take washewa.

Gidajen yanzu tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai santsi a sama, ga gilashin taga. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon. In ka ji wutsiyar ƙara tana bi, ɗakin yana buƙatar kafet tsakaninka da lasifika, da labule mai kauri, da kujerun kushin. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa kauri ko kaɗan, ba ya kuma hana maƙwabci ji.

Kowane ɗaki yana da sautin da yake kumburawa. Raba 343 da ninkin tsawon ɗakin: mai mita 4 zai kumbura wajen 43 Hz, a jikin bango ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki ya kusa ɓacewa. In kana da akwatin kauri na daban, ɗora shi a kan kujerar da kake zama, ka kunna waƙa mai kauri, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji kaurin ya fito sumul, nan ne mazauninsa. Saita shi ya karɓi abin da ke ƙasa da 80 Hz.

Waya mai tsada tana gyara sauti?

A'a. Tagulla ta gaske mai kaurin 1.5 mm² ta isa har mita goma a kan om 8. Abin lura kawai shi ne wayar alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla. Kankare silin ɗaya da reza, in cikinsa fari ne, ita ce.

Tiwita ta sake mutuwa, alhali injina ƙarami ne.

Ƙaramin inji da aka ƙure shi ma yana kashe tiwita. In ka murɗa ya wuce iyakarsa, yana yanke kan sautin, yankakken sautin kuma cike yake da tsini mai zafi da ke wucewa ta kwandensa ya faɗa kan tiwita. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage. Murɗa maɓallin kauri har ƙarshe shi ke saurin kai inji wannan hali.

Me zan duba in zan sayi na gwanjo?

Tsofaffin lasifikun Japan da Turai da ake saukewa a Alaba sau da yawa sun fi sababbin arha. Duba zoben da ya kewaye takardar: in na soso ne, taɓa shi, wanda ya tsufa yana narkewa a yatsa. Ana sake shi, amma a rage maka kuɗi. Tura takardar a hankali, in ka ji karta, koyil ya goge ko ya ƙone. Shinshina bakin bututu, ƙauri ba ya ɓuya. Kara kunne a kan kowace tiwita tana kunne. Masu naɗin koyil suna farfaɗo da ufa, sai dai in an naɗa ɗaya, lambobinta sun sauya, ba lallai ta ƙara yin daidai da 'yar uwarta ba.

Yaya zan jona da talabijin?

Yawancin sababbi ba su da ramin ja da fari na fitar da sauti. In injinka yana da HDMI ARC, shi ne mafi sauƙi, rimot ɗaya zai riƙe ƙara. In babu, sayi ɗan akwatin da ke karɓar wayar haske daga talabijin ya mayar da ita ja da fari, ka shiga saitin sauti ka zaɓi PCM, in ba haka ba shiru za ka ji ko shuuu. Bluetooth yana jinkiri, a kallon ƙwallo ko fim za ka ga baki ya riga murya.

Zan iya sa irin ta masallaci a ɗaki?

An yi ta ne don ta jefa murya nesa da wat kaɗan, ba ta da kauri, kuma a ɗaki za ta huda maka kunne. Da yawansu ma, irin na Ahuja da TOA, suna da taransifoma ta layin bolt 100 saboda doguwar waya, ba a jona su da injin gida kai tsaye.

Ƙara nawa ce ta yi yawa?

Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata suke bi shi ne 85 dB na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kwata ɗaya. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta cika daidai ba, amma tana ba da haske. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ko kunnenka yana ƙugi bayan ka kashe, ka wuce. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma kunnen yara a ɗakin yake tare da naka.

Kauri kuma shi ne ke ratsa bango. Kai kana jin waƙa, na bayan katanga dum-dum kawai yake ji, ga mai jinya, ga mai tashi sallar asuba. A Najeriya hukumar NESREA mai kula da muhalli tana da dokar kayyade ƙara tun 2009. Ɗaga akwatin kauri daga siminti ka ɗora shi a kan roba ko soso mai tauri, ka janye shi daga bangon da kuka haɗa da maƙwabci, in dare ya yi kuma ka kashe shi ka bar ƙananan biyu su yi aiki.